Labarin jinyata: yadda aka ɗumama ƙarin da ke bakin mahaifata don jini ya samu hanya

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da ma mazan da za su karanta. Na daɗe ina son rubuta labarin nan amma duk sanda na ɗauki waya sai zuciyata ta karye, yau dai nace bari in daure, saboda tun da Allah ya ba ni sauƙi ake ta kirana daga gida ana tambaya wai da gaske ne da zafi aka yi min maganin kansa, kuma na lura abin da mutane ke ɗauka daban, abin da aka yi min daban, kuma wallahi bambancin nan zai iya cutar da wata baiwar Allah in ba a warware shi ba.

Ni 'yar Kano ce, aure ne ya kawo ni ƙasar Holan. Maigidana injiniyan ruwa ne, ya zo karatu garin Delft, da ya gama ya samu aiki muka zauna da yaranmu. Ciwon ya fara min ne da ganin jini ba lokacin al'ada ba, sai wani ruwa mai wari, sai ciwon baya ta gefen hagu da ba ya jin fanadol. Likitar unguwarmu ta duba ni ta tura ni asibiti, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, aka yi hoton MRI, sakamako ya fito kansar bakin mahaifa ce, mataki na 3B. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un kawai nake maimaitawa, maigida ne ya riƙe biro yana rubuta abin da likita ke faɗa don ni kam kunnena ya toshe.

A wannan matakin ba a yin tiyata, ƙarin ya yi girma ya kama gefe. Abin da aka saba yi a duk duniya shi ne gashi, wato rediyoterafi, maganin da ake yi da haske, a haɗa shi da kemo, maganin kansa da ake sa wa ta jijiya, mai suna cisplatin sau ɗaya a sati. To ni ƙarin ya danne bututun da ke sauko da fitsari daga ƙodata ta hagu, ƙodar ta kumbura, shi ne ciwon bayan da nake ji. Aka sa min siririn bututun roba ya buɗe hanyar, amma gwajin jini ya nuna ƙodar ba ta dawo daidai ba, shi kuma cisplatin ƙoda yake taɓawa. Likitan yace ba za su ba ni ba. Na ɗauka shikenan an rage min rabin magani, na fara kuka, sai yace a'a, a ƙasar nan duk matar da ba za ta iya ɗaukar kemon ba akwai abin da ake haɗa mata da gashi a madadinsa, za su tura ni Rotterdam, asibitin Erasmus, a riƙa ɗumama ƙarin sau ɗaya a sati. Sunan abin haipatamiya.

Dan Allah ku riƙe wannan: gashin rediyo da muke cewa, ba a jin zafinsa ko kaɗan lokacin da ake yi, haske ne da ido ba ya gani, ki kwanta minti kaɗan ki tashi. Ɗumamawar ita ce mai zafi na gaske, kuma ita kaɗai ba ta isa ta kashe kansa ba, taimakon gashin take yi. Nan ne mutane suke cakuɗa abin.

Ranar da muka je ganin likitar sashen ɗumi na tambaye ta kai tsaye, nace Likita ƙona shi za ku yi? Tace a'a, jini muke so ya shiga cikinsa. Gabana ya faɗi, don ni a tunanina in jini ya ƙaru a cikin ƙari ai abinci aka ƙara masa, girma zai yi. Sai ta ɗauko takarda ta fara zane. Tace ƙari in ya wuce milimita 1 zuwa 2 ba ya iya ci gaba da girma sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini, wani likitan Amurka Judah Folkman ne ya fito da wannan bayani a 1971. Amma jijiyoyin da ƙari ke yi cikin gaggawa yake yin su, a karkace suke, wasu sun kumbura wasu sun tsuke, bangonsu na yoyo, wasu ma ba su ɓulle ko'ina ba, jini ya shiga ya tsaya, wani lokacin har ya juyo baya. Maigida yana ji sai ya juyo gare ni yace Hajiya kin san unguwannin awon igiya na bayan gari, inda kowa ya ja fayif ɗinsa yadda ya ga dama, wannan ya ɗora a kan na wancan, ga yoyo ko'ina, gidajen bakin titi suna samun ruwa na can cikin lungu ko ɗigo ba ya kai musu? Nace na sani mana. Yace to haka cikin ƙarin nan yake. Daga nan na gane komai.

Matsalar ita ce waɗancan ƙwayoyin kansar na can ciki da jini ba ya kai musu sosai, ba mutuwa suke yi duka ba, wasu lafewa suke yi cikin ƙarancin iskar oksijin. Tun 1955 wasu masana biyu a Ingila, Thomlinson da Gray, suka duba naman kansar huhu suka ga oksijin ba ya iya nisa da jijiya fiye da kusan kashi 1 cikin 5 na milimita ɗaya, daga nan sai yunwar iska. Shi kuma hasken gashi yadda yake aiki, karya DNA ɗin ƙwayar yake yi, wato zaren gadon da ke cikinta da take bi ta hayayyafa, kuma oksijin ne ke sa karayar ta tabbata ƙwayar ta kasa gyara kanta. In babu oksijin sai an ninka ƙarfin hasken kusan sau 3 kafin a yi irin wannan kisan, wanda mafitsara da hanji ba za su iya jurewa ba. Kenan sai a gama gashi, na bakin jijiya su mutu, na ciki su saura, bayan wata da watanni su farfaɗo ciwo ya dawo. Wannan ƙwayoyin ne ake nema da ɗumin.

Jikin mutum digiri 37 yake. In aka kai ƙari digiri 40 zuwa 42 aka riƙe shi a nan na awa ɗaya, jini yana ƙaruwa a cikinsa, wasu jijiyoyin da suka rufe su buɗe, oksijin ya kai inda da ba ya kaiwa, kuma abin ba ya tsayawa da an kashe inji, yana iya kaiwa kwana ɗaya zuwa biyu, wato gashin gobe da na jibi ma suna cin moriyarsa. A jami'ar Duke ta Amurka a 1996 an soka allurar awon oksijin a cikin ƙarin marasa lafiya masu kansar tsoka, kafin ɗumi da bayansa, aka ga ya ƙaru. Ga kuma wani amfanin, zafin yana hana ƙwayar kansa gyara karayar DNA ɗin, shi ya sa ba a son tazara mai yawa tsakanin gashi da ɗumi, cikin 'yan awanni ake so a haɗa su a rana ɗaya. Sannan ƙwayoyin da ke cikin yunwa da tsami, su ne zafi ya fi saurin kashewa da kansa, wato waɗanda gashi ya fi gazawa a kansu su ne ɗumi ya fi kamawa. Subhanallah, ni wannan ya daɗe yana ba ni mamaki.

Amma in zafin ya wuce gona da iri labarin juyawa yake. Wani masani Chang Song a jami'ar Minnesota ya yi shekaru yana auna jini a ƙarin ɓeraye, ya rubuta bayaninsa a 1984. Lafiyayyen nama, fata da tsoka, in ya ji zafi jijiyoyinsa buɗewa suke yi jini ya ninka ninki-ninki ya kwashe zafin ya tafi da shi, haka Allah ya tsara jiki yake kare kansa. Jijiyoyin ƙari kuwa ba su da tsokar da za su buɗe haka, ɗan ƙarin da za su yi kaɗan ne, shi ya sa zafi ke taruwa a cikin ƙari fiye da naman da ke zagaye da shi. In an haura digiri 42 zuwa 43 aka daɗe, sai jinin ƙarin ya fara tsayawa, jijiyoyin su toshe, wasu su fashe. Da farko likitoci wannan suke nema, a toshe hanya a kashe shi da yunwa, daga baya aka gane a jikin mutum kai ƙari mai zurfi wannan matakin abu ne mai wuya, kuma in an toshe jijiya aka bar wasu ƙwayoyi da rai, to an ƙara musu ƙarancin oksijin, gashin da zai biyo baya ya rage tasiri. Ku duba fa, tsakanin zafin da ke buɗe hanya da wanda ke rufe ta digiri 2 ne ko 3 kacal. Wannan ne ya sa duk sashen cike yake da na'urar awo, har da masanin fizik da aikinsa kenan ya zuba wa lambobi ido.

Bari in faɗa muku yadda ranar ɗumi take. Da safe a yi min gashi, sai mu wuce sashen ɗumi. Tun kafin a fara an yi min sikanin a kwance yadda zan kwanta a injin, kwamfuta ta lissafa inda za a tara zafin. An tambaye ni ko ina da ƙarfe a ƙugu ko na'urar bugun zuciya, don mai su ba a yi masa, an kuma duba zuciyata. Nas mace na roƙa kuma aka ba ni, ita ke sa siraran bututu guda a mafitsara, guda a gaba, guda a baya, a cikinsu ake zura wayoyin awon zafi. Ba zan ɓoye muku ba wannan ɓangaren ya fi min nauyi a zuciya fiye da a jiki, mu da muka taso da kunya, amma ta rufe ni da zani ta yi min a hankali tana faɗa min duk abin da za ta yi kafin ta yi. Sai in kwanta a kan wani shimfiɗaɗɗen yadi a rataye, a turo wani babban zobe ya kewaye ni daga ƙasan haƙarƙari zuwa cinya, a cikin zoben akwai jakar roba da ake cikawa da ruwa har ta matse ni ta ko'ina. Ruwan mai sanyi ne, aikinsa ya sanyaya fata ya kuma isar da igiyar rediyo cikin jiki. Eriyoyi ne a jikin zoben suke turo igiyar ta kowane ɓangare su haɗu a tsakiyar ƙugu inda ƙarin yake.

Kusan rabin awa ake yi ana hawa a hankali, sannan awa ɗaya a riƙe. Minti na farko ba ki jin komai sai nauyin ruwa. Daga nan sai ɗumi ya taso daga can ciki, ba daga fata ba, wani irin ɗumi mai nauyi a mara, sai gumi ya karyo, zuciya ta fara gudu don jiki na ta tura jini ya kwashe zafin, ɗankwalina ya jiƙe sharkaf, nas tana ɗora min tawul mai sanyi a wuya da goshi tana ba ni ruwa da tsinke tana auna hawan jini. An gargaɗe ni tun farko, kada in yi dauriya. Suka ce duk inda na ji zafi ya taru wuri guda, ko ƙuna ko suka ko matsi, in faɗa nan take, don wayoyin awon ba ko'ina suke ba, ni ce na'urar da ta rage. Mu kuwa an raine mu a kan mace ba ta raki, ko naƙuda a cije ake yi, sai ga shi a nan dauriya ita ce haɗari. Ni wurina ƙashin mazaunai ne da saman mara, da nace ga shi nan sai in ji masanin ya taɓa kwamfuta, cikin minti ɗaya zafin ya matsa daga wurin. Allon yana gefe ina iya hango layukan, 39, 40, 40 da rabi, wani lokacin 41 a sauko. Salati nake yi da Hasbunallahu har a gama. In an zare ruwan ji nake duk ƙarfina ya tafi, in koma gida in yi barci har la'asar. Abin da ya bar min shi ne wani ɗan kulluɓutu mai zafi a kitsen ƙasan fata, suka ce kitse ne ya ɗan ƙone, bayan wasu makonni ya baje.

Na taɓa cewa likita tunda yana da amfani me zai hana a yi min kullum. Tace ƙwaya in ta sha zafi tana samar da wasu sinadaran kariya da ke sa ta jure zafi na gaba har kwana biyu zuwa uku, in an maimaita da wuri wahala ce kawai, shi ya sa ake ba da tazara.

Maigida ba ya yarda da abu sai ya ga lamba, shi ya nemo binciken da aka dogara da shi ya karanta min a daren da na kasa barci. A nan Holan aka yi shi, ƙarƙashin Dakta Jacoba van der Zee ta Rotterdam, aka buga a mujallar Lancet a 2000. Mata 114 masu kansar bakin mahaifa da ta yi nisa, aka raba su biyu. Waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, kashi 57 cikin 100 ƙarinsu ya ɓace gaba ɗaya, waɗanda aka haɗa musu da ɗumi kashi 83. Bayan shekara 3, kashi 27 ne ke raye a rukunin farko, a na biyu kashi 51. Da aka sake bibiyarsu bayan shekara 12, kashi 20 ne da kashi 37. Na yi shiru da na ji, don lambobin nan sun ba ni ƙwarin gwiwa kuma sun tsorata ni a lokaci guda, 51 ai ba 100 ba ce, akwai matan da suka kwanta a zoben nan suka sha gumin nan kuma Allah ya karɓi abinsa. Ban son kowa ta karanta labarina ta ɗauka wani sihiri ne.

Yanzu ga abin da ya sa na yi rubutun. Ana tsakiyar jinyar nan Umma ta faɗa wa dangi wai Turawa da zafi suke min magani. Washegari gwaggona ta kira ni a WhatsApp, cikin ƙauna wallahi, tace 'yar nan ai wannan mun riga su sani, ki sa a tafasa miki bagaruwa ki riƙa shiga da zafinsa safe da yamma, ki kuma riƙa tsuguno a kan kasko, za ki ga ya narke ba sai kin jira sati ba. Nace Gwaggo Allah ya saka da alheri, bari in tambayi likita. Da na tambaya sai da fuskar nas ɗin ta canza, tace kul, kar ki kuskura. Ta bayyana min cewa zafin da aka ɗora daga waje, ruwan zafi ne ko garwashi ko tsumma, a fata yake tsayawa, jinin fata ne zai ƙaru ya kwashe shi, ƙarin da ke can cikin ƙugu ko motsi ma'auninsa ba zai yi ba, kafin ki kai shi 41 ta wannan hanya kin riga kin dafa fatarki. Ga fatar da ake wa gashi ta yi laushi, ƙuna kaɗan sai ta zama gyambo, in ta zama gyambo a dakatar da gashi, dakatarwar nan kuwa ita ce babbar asara. Na koma na yi wa Gwaggo bayani da ladabi, ta fahimta, har tace ashe abin da ma'auni ne. Amma mata nawa ne a gida ake wa wannan shawarar ba su da nas ɗin da za su tambaya? Mai ƙari a nono a yi ta gasa mata da ruwan zafi har ya fashe. Wannan yana ci min rai ƙwarai.

Wani abin da ya shafi jini kuma, saboda zubar da na yi jinina ya yi ƙasa, sai da aka ƙara min ana cikin gashi. Jini shi ke ɗauke da oksijin, kuma an daɗe da lura matan da jininsu ya yi ƙasa sosai sakamakon gashinsu bai kai na sauran ba. Duk mai jinyar mai kansar mahaifa ya riƙa tambayar matsayin jininta a duk sati.

A ƙarshen makonnin aka yi min gashin ciki, wanda ake shigar da na'urar har bakin mahaifa, shi ma wajibi ne ba a tsallake shi. Jinin ya ɗauke tun kafin a gama, warin ma ya tafi, na koma sallah hankalina kwance ba tare da tunanin tsarki kowane lokaci ba. Wata uku bayan nan aka yi hoto, likita tace ba su ga komai ba. Maigida ya fita baranda yana share ido, ni kuma na yi sujada a nan ɗakin. Al'ada ta tsaya min gaba ɗaya, haihuwa ta ƙare, hanjina ba ya son yaji kamar da, ƙodar hagun ba ta koma cikakken ƙarfinta ba, kuma har yanzu ina zuwa dubawa, duk zuwa da faɗuwar gabansa. Alhamdulillah ala kulli halin.

Kwanaki wata maƙwabciyarmu ta gida ta kira, ƙanwarta aka gano wa irin nawa, an ba su lokacin fara gashi da kemo a Shika, amma suna tunanin su dakata su sayar da fili su nemi biza don a yi mata irin wanda aka yi min. Nace Yaya dan girman Allah kar ku dakata. Ni an ba ni ɗumi ne saboda ƙodata ta hana ni kemo, in ƙodarta lafiya to gashi da cisplatin shi ne maganin da duniya ta fi dogara da shi, nan ma shi ake fara ba wa mata. An gwada wani nau'in ɗumin a Afirka ma, a Johannesburg, a kan mata masu wannan ciwo har da masu HIV, amma can ma ƙari aka yi a kan gashi da kemo, ba a maye gurbinsu ba. Nace abin da za ku tsaya a kai shi ne a fara da wuri, a gama duka har da gashin ciki cikin sati 8, a kula da jininta, kar a ɗora mata komai mai zafi a wurin, kuɗin filin ku riƙe shi don magani da abinci da zirga-zirga. Na kuma roƙe ta ita ma ta je a duba bakin mahaifarta, ta kai 'yan matanta rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo wannan kansa, tun Oktoban 2023 aka fara yin shi kyauta a Najeriya ga yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14, a ƙasar da, a ƙiyasin 2020, ake samun mata kusan 12,000 da wannan ciwo a shekara, kusan 8,000 su rasu. Sun ji maganata sun fara, yanzu tana tsakiyar gashin, jiya ma mun yi waya tace jinin ya ragu amma amai na damunta ranar kemo, nace ta faɗa wa likitanta a canza mata maganin aman. Ku sa ta a addu'a.